Ruwa-Ruwa

Ruwa-ruwa ake ce wa sana'ata,
alhali babu mai iya kurɓarta.
Kwalabe goma sha biyu a kan tebur, bakin kwalta,
hanyar kasuwar Dole.
Rana in ta ratsa su sai su yi launin zuma.
Ɗan kabu-kabu ya tsaya, ƙafa ɗaya a ƙasa,
in ɗura masa, ya miƙo kuɗi, ya murza,
ya bar mini tukuicina a hanci.

Haka daga hantsi har almuru.
Adaidaita na tari, babbar mota na gyatsa,
bayan katanga yara na ƙona taya don su zare waya,
bola na cin wutarta a hankali, kamar mai riƙon zuci.
In na koma Garin Malam na fyace hanci
baƙi ne ke fita.
Barira ta ce in tuɓe rigar a wanke,
sai muka dubi randa, muka yi shiru.

Kwana tara famfonmu na shaƙuwa.
Ka murɗa shi, ya ce fuu, ya huce maka a tafi,
ƙarshen wata kuma takarda ta iso, ba ta taɓa makara ba.
Kalla mai kura ya kan biyo ta lungunmu:
jarka dala talatin da safe,
in rana ta take, arba'in.
Ban ga laifinsa ba. Tun ƙarfe ukun dare yake layi,
tafinsa duk kanta.
Ruwan leda dala biyar, ka tsotse, ka yar,
ledar ta tafi bola, bola ta kama,
hayaƙin ya biyo ta taga ya sami Baba a kwance.
Ruwa guda, biya biyu.

Baba Tanimun mahaƙin rijiya ne.
Goma sha bakwai ya haƙa tsakanin Mirya da Dogo,
bai taɓa tsayawa bakin ɗaya ya ce a biya guga ba.
Ya kan ce, can ƙasa, gaba ashirin,
numfashi kan gajarce,
sai ka girgiza igiya, na sama su jawo ka.
Daren Laraba, ƙirjinsa na busa kamar sarewa,
ya riƙe hannuna ya ce,
"Manzo, yau a doron ƙasa nake.
Wa zan girgiza wa igiya?"

A babban asibiti suka gangaro da tulun ƙarfe,
dogo, tsaye kamar baƙon da bai yi sallama ba.
Aka ɗaura masa roba a fuska,
aka miƙo mini takarda.
Ni ban iya lissafi da jika ba sai da kwalba,
na zauna kan benci ina ƙirgawa:
numfashin dare guda, tebur biyu da rabi.
Ashe hayaƙi nake sayarwa tun safe
in sayi iska da dare.

Da asuba ya ɗaga robar da yatsa.
"Nawa ne?"
Na ce kyauta ne, Baba.
Ya lumshe ido. "Madalla.
Ashe da saura abin da aka bar wa Allah."

Ƙarfe bakwai na jera kwalabena.
Hadari ya ɗan haɗo ta bayan duwatsun Birni,
mata sun fara fito da bahuna ƙarƙashin indararo.
Na san ruwan farko baƙi zai sauko daga kwano,
da mu kan zubar da shi,
bana Barira ta ce a bar shi ya kwanta.

Wani ya taka birki gabana.
"Ruwa-ruwa, lita nawa?"
Na ja numfashi, iya wanda na samu,
na ɗauko mazurari.